Likita ya ce mu maza ma mu je gwajin gadon ciwon daji, me ya haɗa mu da shi?

BabanZahra_Ringim
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da tambaya, don Allah masu sani su taimaka mini. Yayata da muke uwa ɗaya uba ɗaya tana jinya a Kano, an tabbatar sankarar mama ce, shekarunta 44. Likitan da ke duba ta ya zaunar da ni ya yi ta tambayar tarihin gidanmu. Na gaya masa gwaggonninmu biyu wannan ciwon ne ajalinsu, ɗaya ma ba ta kai 40 ba. Baffanmu kuma ya yi fama da matsalar fitsari har aka sa masa roba, daga baya aka ce daji ne, ya shiga ƙashin bayansa. Da ya gama rubutu sai ya ce akwai alamar abin a jini yake, yana so a yi wa Yaya gwajin ƙwayoyin halitta, in an ga wani abu, ni da ƙannena maza biyu mu ma mu yi. Abin da ban gane ba, ciwon mama ai na mata ne, kuma duk waɗanda na lissafa dangin uba ne. Ƙannena sun ce ba inda za su. Ni kuwa 'ya'yana mata uku, shi ya sa na kasa samun natsuwa.

Hajiya_Kazaure
Allah ya ba ta lafiya, ya sa kaffara ce. Allah ya jiƙan waɗanda suka rigaye mu.

Sale_Direba
Amin. Amma Baban Zahra, gaskiyar ƙannenka ce. Kana cin tuwonka kana zuwa gonarka, ba inda ke maka ciwo, me zai kai ka neman cutar da ba ta neme ka ba? Kuɗin da za ka kashe a gwajin ka ƙara a maganin Yaya, ita ce mai buƙata yanzu.

Likitan_Karkara
Wa alaikumus salam Malam. Allah ya ba Yaya lafiya. Likitan nan ya yi aikinsa yadda ya kamata, bari in yi bayani.

Yawancin ciwon daji ba gado ba ne. Kusan kashi 5 zuwa 10 cikin 100 ne kawai ake gada. Cikin waɗanda ake gadan, waɗanda aka fi sani su ne na ƙwayoyin halitta biyu, BRCA1 da aka gano a 1994 da BRCA2 da aka gano a 1995. Kowa yana da su, mace da namiji, aikinsu gyara ɓarnar da ke faruwa a cikin ƙwayoyin jiki. Kowannenmu yana da kwafi biyu, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba. In ɗaya ya zo da tawaya, gyaran ba ya tafiya daidai, sai haɗarin daji ya ƙaru. Kuma uba yana bayarwa daidai yadda uwa ke bayarwa. Duk ɗan da mai tawayar ya haifa, namiji ko mace, damar ya gada rabi da rabi ce.

Saboda haka gwaggonninka biyu da baffanka da yayarka, duk layi ɗaya ne, kuma mahaifinku ne mahaɗar. In har abin ne, ta wurinsa ya biyo zuwa Yaya ko da shi bai taɓa kwanciya ba.

Ga namiji kansa akwai abu uku. Na farko kansar furostet, wato ɗan ƙullin nan da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji, ita ce dajin da ya fi kama maza a Najeriya. Mai tawayar BRCA2 haɗarinsa ya ninka na sauran maza, kuma takan zo masa da wuri ta yi saurin yaɗuwa, sau da yawa zuwa ƙashi. Na biyu kansar mama: a sauran maza kusan 1 cikin 1,000 ne, a masu tawayar BRCA2 takan kai 7 cikin 100. Na uku kansar fankiriyas, gaɓar da ke samar da insulin mai daidaita sukari a jini. Ga 'ya'yanka mata kuwa abin ya fi nauyi, don macen da ta gada, fiye da rabinsu sankarar mama kan kama su a tsawon rayuwa, ga kuma haɗarin kansar gidan ƙwai.

Sale_Direba
Dakta, namiji da kansar mama? Ni dai ban taɓa gani ba.

Tsohon_Soja_Gumel
Sale, ni na gani a cikin ɗakinmu. Wana ne. Wani ɗan ƙulli ya fito masa a ƙarƙashin kan nono, kamar ƙwayar gyaɗa, ba zafi ba ƙaiƙayi. Ya yi fiye da shekara yana ɓoyewa, ko alwala zai yi ba ya cire riga a gaban mutane. Da ya fara fitar da ruwa mai jini-jini sai aka kira wanzami ya tsaga, aka ce miki ne. Wurin bai ƙara rufewa ba. Ranar da muka kai shi asibiti hammatarsa ta riga ta cika da ƙulluka. Abin da ya fi ci mini rai, da nas ta ce a bi layin masu ciwon mama, ya ga mata zalla, sai ya ja hularsa ya koma gindin bishiya ya ce shi ba zai shiga ba. Sai da na riƙe hannunsa muka shiga tare. Bai ƙara damina biyu ba. Ba a yi masa gwajin gado ba, ba wanda ya ambata mana shi. Yanzu da na karanta bayanin Dakta tunanina yana kan 'ya'yansa.

Hajiya_Kazaure
Innalillahi. Allah ya gafarta masa.

Abu_Hanifa44
Ni tambayata ta addini ce. Mutum ya je a duba masa ciwon da zai same shi nan da shekara 20, wannan ba leƙen gaibu ba ne? Meye bambancinsa da zuwa wurin ɗan duba?

Malam_Tsangaya
Abu Hanifa, akwai bambanci babba. Ɗan duba yana da'awar sanin abin da Allah ya ɓoye. Wannan kuwa duba abin da ke cikin jininka ne a yau, kamar yadda ake auna hawan jini. Bai ce maka ga ranar da za ka kwanta ba, kuma Dakta bai ce duk mai shi sai ya kamu ba. Maganar gado ta jini ma tana cikin hadisi ingantacce: mutumin da ya zo yana shakkar ɗansa saboda launinsa ya bambanta, Annabi (SAW) ya tambaye shi launin raƙumansa, ya nuna masa cewa siffa takan tsallako daga kakanni. Sannan Sayyidina Umar da ya juya da jama'a daga hanyar Sham saboda annoba, aka ce masa gudun ƙaddara yake, ya ce daga ƙaddarar Allah yake gudu zuwa ƙaddarar Allah. Riƙo da sababi ba ya kore tawakkali. Abin da zan ƙara, amanar sirri wajibi ce a kan wanda ya yi gwajin da wanda aka gaya wa.

Auwal_Dutse
Baban Zahra, ka tabbata ƙannenka sun fahimci wane gwaji ake nufi? Don a wurinmu da an ce gwajin DNA, abin da ke zuwa ran mutane shi ne ana zargin ɗan ba na ubansa ba ne. Wani ma zai ga kamar mahaifiyarku ake tuhuma.

BabanZahra_Ringim
Wallahi Auwal kamar kana wurin. Ƙaramin cewa ya yi, "Yaya, wato jininmu ake so a tantance?" Ya tashi ya bar mini shayinsa.

Likitan_Karkara
Ka kwantar masa da hankali. Gwajin nan ba ya kwatanta ɗa da uba, tawaya guda ake nema a ƙwayar halitta. 'Yan uwa uwa ɗaya uba ɗaya, wani zai fito da ita wani babu, kuma hakan ba ya nuna komai game da nasaba. Jini kaɗan ake ɗiba a hannu, wani wurin ma yawu kawai.

Ɗan_Kura_MaiShinkafa
Dakta, to mu fa? A unguwarmu maza uku 'yan gida ɗaya daji ya kama mafitsararsu. Tun suna yara suna fitsarin jini, mu a nan har ana ɗaukarsa alamar balaga. Shi ma gadon ne?

Likitan_Karkara
Wannan ya fi kama da tsargiya. Tsutsa ce da ake ɗauka a ruwan fadama da na kanal, ta hanyar dodon koɗi, tana zuba ƙwai a bangon mafitsara. In ta shekara da shekaru ba a yi magani ba tana iya kai wa ga kansar mafitsara. 'Yan gida ɗaya suna wanka a ruwa ɗaya, shi ya sa sai ka ga kamar gado. Maganinta ƙwaya ce, furazikwantel, kuma fitsarin jini ba alamar balaga ba ne. Haka dajin hanta: gida guda a rasa maza biyu ko uku, a ce gado ne ko sammu, alhali ciwon hanta nau'in B ne da aka ɗauka tun haihuwa ko a yarinta, wani lokaci ga gubar da ke cikin gyaɗa da masarar da suka yi funfuna. Ciwon hantar gwajinsa mai sauƙi ne kuma akwai allurar rigakafi. Don haka ba duk gidan da daji ya maimaita ne ke buƙatar gwajin ƙwayoyin halitta ba, sai an zauna an duba wane iri ne, wa ya kama, yana da shekara nawa.

MaiKyamis_Gaya
Ni abin da nake gani kullum shi ne basir. Magidanci ya zo ya ce yana ganin jini a bayan gida, ya rame, cikinsa ya ƙi daidaita wata da watanni, ya sha na kasuwa ya sha na mota mai lasifika, yanzu a ba shi na Bature. In ka ce ya je babban asibiti sai ya ga kamar ba ka son ciniki. Akwai wani matashi da bai kai 35 ba, na matsa masa da tambaya, ashe mahaifinsa da baffansa duk "basir mai tsiro" ne ya kashe su suna da sauran ƙarfi. Dakta, akwai na hanji da ake gada ko?

Likitan_Karkara
Akwai, ana kiransa ciwon Lynch, an ƙiyasta kusan mutum 1 cikin 300 na ɗauke da shi, yawancinsu ba su sani ba. Yana kawo kansar babban hanji tun mutum yana matashi, ga mata kuma kansar mahaifa. A nan gwajin yana da amfani a bayyane: wanda aka tabbatar yana da shi ana fara leƙa hanjinsa da na'ura tun yana shekara 20 zuwa 25, duk bayan shekara 1 ko 2, in an ga tsiro a cire kafin ya zama daji. Matashin nan ka ci gaba da bin sa don Allah.

UmmuKhadija
Kun yi ta maganar maza, bari in faɗi abin da ke zuciyar uwa. Mu a ƙauye magana ba ta kwana. Yau a ce Baban Zahra ya yi gwaji an samu, gobe duk garin sun ji cewa gidansu akwai daji a jini. Wa zai zo neman auren yaran nan? Na ga yarinyar da aka fasa aurenta bayan an kai kayan sa rana, don kawai wata ta raɗa wa uwar ango cewa mahaifiyarta an cire mata nono. Maza su za su yi gwajin, amma 'ya'ya mata ne za su ɗanɗani kuɗar. Ban ce kar a yi ba, amma ku yi tunanin wannan.

Malama_Bilki
Ummu Khadija, maganarki gaskiya ce, ba mai musu. Sai dai ki duba ɗaya ɓangaren. In ya yi gwajin aka ga bai gada ba, to 'ya'yansa uku sun fita daga wannan layin gaba ɗaya, ba za su gaji abin da ubansu ba shi da shi ba. In kuma ya gada, yarinyar da ta sani za a fara duba ta tun tana shekara 25, maimakon ta zo asibiti da ciwon da ya riga ya fashe kamar yadda muke gani. Gara ta rasa manemi guda da ta bar marayu. Kuma mutanen gari ai sun riga sun ƙirga gwaggonnin, ba sai an yi gwaji za su yi magana ba.

UmmuKhadija
Ke kina birni Malama. A nan rasa manemi guda yakan zama rasa duka.

Headmasta_Rano
Irin wannan tsoron aka yi lokacin da aka fara maganar gwajin sikila kafin aure. Mutane sun ce tona asiri ne, yau kuma saurayi da kansa yake tambayar jinotaif tun kafin ya tura iyaye. A 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a dokar gwaji kafin aure a Kano, da ta haɗa da jinotaif da ƙanjamau da ciwon hanta. Ni ina ganin wannan ma a saka shi ciki kawai a huta, musamman mu da auren zumunci ya yi mana yawa.

Ɗalibin_Likita_BUK
Ranka ya daɗe Headmasta, da ɗan gyara. Sikila sai yaro ya gada daga uwa da uba duka biyu kafin ciwon ya bayyana, shi ya sa ake hana AS ya auri AS. Wannan kuwa daga ɓangare ɗaya ya isa. Ko wa mai tawayar ya aura, bare ko 'yar gida, rabi da rabin nan na nan. Saboda haka sa shi cikin gwajin aure ba zai hana komai ba sai dai ya jawo abin da Ummu Khadija ke tsoro. Amfaninsa a sa ido da wuri ne.

Sannan ga masu ganin cutar Turawa ce: an yi bincike a Ibadan, aka wallafa a 2018, ƙarƙashin Farfesa Olufunmilayo Olopade. Cikin mata 1,136 masu sankarar mama, kusan kashi 15 cikin 100 suna da tawayar da ake gada, BRCA1 kashi 7, BRCA2 kashi 4. Wannan ya fi abin da aka saba gani a matan Turawa. Kowace ɗaya daga cikinsu tana da uba, ko 'yan uwa maza, ko 'ya'ya maza. A Amurka ma mahaifin mawaƙiya Beyoncé, Mathew Knowles, ya fito a 2019 ya ce yana da kansar mama kuma an same shi da tawayar BRCA2. Ɗigon jini a rigarsa ne ya fara nuna masa.

Sale_Direba
Duk na ji. Amma ba wanda ya amsa maganar kuɗi. Mutumin da sai ya sayar da buhun gero kafin ya biya kuɗin mota zuwa Kano, shi za a ce ya yi gwajin da na tabbata ba a yinsa a asibitin ƙaramar hukuma? In ma an samu, da me zai bi sauran? Sanin abin da ba ka da ikon magancewa ƙarin hawan jini ne kawai.

Likitan_Karkara
Malam Sale, ba zan ɓoye ba, gwajin yana da tsada ga talaka, kuma sau da yawa ɗakunan gwaji masu zaman kansu ne ke ɗibar jinin su aika waje. Shi ya sa ba a fara shi da masu lafiya. Mara lafiyar ake fara yi wa, in an gano ainihin tawayar, sauran dangi ita kaɗai za a nema a jininsu, wannan ya fi sauƙi. Kuma ita Yaya kanta zai iya amfanar ta, don akwai magunguna irin su olaparib da aka yi musamman don masu wannan tawayar. Dangi su haɗa hannu a yi na mutum ɗaya ya fi kowa ya yi shiru.

Akwai kuma abin da ba ya cin ko kwabo. A samu takarda a rubuta: wa ya yi ciwon, a wace gaɓa, yana da shekara nawa, ɓangaren uwa ko na uba, har zuwa kakanni. Alamomin da ke sa mu zargi gado su ne daji kafin shekara 50, mutum biyu ko uku a layi ɗaya, namiji mai kansar mama, mace mai kansar gidan ƙwai, ko furostet da ta yaɗu. Namiji mai irin tarihin Baban Zahra, ko bai samu yin gwajin gadon ba, daga shekara 40 ya je a yi magana kan gwajin jini na PSA mai duba lafiyar furostet, wanda ake yi a manyan asibitoci irin su Asibitin Malam Aminu Kano, da na Birnin Kudu da Dutse. Kar a jira fitsari ya tsaya, kansar furostet a farkonta yawanci shiru take. Kuma PSA ya hau ba lallai daji ba ne, kumburin furostet na tsufa ma yana ɗaga shi. Sannan namiji ya riƙa shafa ƙirjinsa da hammatarsa lokacin wanka.

Abu ɗaya da ya kamata a sani kafin a biya: wani lokaci sakamako kan fito da canjin da ba a san ko yana da illa ba. Wannan ya fi faruwa da mu 'yan Afirka, saboda yawancin bayanan da ake kwatantawa da su daga Turawa aka tara. Don haka kar a karɓi takarda a tafi gida da ita, a zauna da likitan da zai fassara.

Inna_Jahun
Ɗana ne ke karanta mini wannan, na ce ya rubuta. Tarihin da likita ke nema yana wurin tsofaffin mata. Mu muka yi jinyar, mu muka yi wankan gawar, mun san wadda nononta ya ruɓe da wadda cikinta ya kumbura aka ce jifa ne. Maza ba a gaya musu saboda kunya. Ku tambaye mu tun muna raye.

BabanZahra_Ringim
Na gode Inna, Allah ya ƙara girma. Akwai gwaggonmu ɗaya da ta rage a Taura, ranar Juma'a zan je wurinta da takarda da biro. Na yi magana da Yaya, ta ce a yi mata gwajin in kuɗin ya samu. Ƙanena na tsakiya ya ce zai saka hannu a kuɗin amma shi ba za a ɗebi jininsa ba. Dakta, babbar 'yata shekarunta 14, ita ma za a yi mata?

Likitan_Karkara
A'a, ba a yi wa yara na BRCA, don ba abin da za a yi musu a wannan shekarun. Sai ta kai 18 zuwa sama ta zaɓa da kanta, kuma sai in kai an same ka da shi. Ƙanenka kuma kar ka tilasta shi, haƙƙinsa ne ya ƙi. Ka dai tabbata ya ji bayanin daidai, kuma ya san yana da damar canza ra'ayi.

Sale_Direba
Na PSA ɗin na yarda da shi. Na gadon har yanzu ina ganin na masu hali ne.

UmmuKhadija
Malam Tsangaya, tambayata gare ka. In uba ya san 'yarsa ta gada, aka zo neman aurenta, wajibi ne ya faɗa wa dangin mijin, ko sirrinta ne tunda lafiyarta ƙalau?

Malam_Tsangaya
Hajiya, wannan ba tambayar da zan amsa da gaggawa ba ce. Akwai bambanci tsakanin aibin da ke jikin mutum yanzu da haɗarin da zai iya zuwa ko ya ƙi zuwa. Zan tuntuɓi manyanmu, kuma ina so Dakta ya faɗa mini yadda su suke yi in miji ya zo yana tambayar sakamakon matarsa.

Tsohon_Soja_Gumel
Dakta kafin ka amsa Malam, tunda wana ya rasu ba a gwada shi ba, wa za a fara yi wa a gidanmu? Ni ne, ko babban ɗansa? Shekarunsa 31.